Alamar Siman a Gindin Kwalba

Kafin ka ga Baba Siman, kwalabensa za ka fara ji. Da hantsi motar Abuja za ta sauke shi a bakin titi, ya saɓa buhu a kafaɗa ya miƙo hanyar Tudun Ƙofa, unguwarmu a Keffi, buhun na ta kacau-kacau a bayansa kamar akuya mai ƙararrawa. Farar rigarsa ta aiki tana ninke cikin leda a hammata, don ya ce rigar da ake tsayawa gaban manya da ita ba ta zama a motar haya. Yana isa ƙofar gida zai dire buhun a gindin mangwaro. Ƙanensa Zakka, wanda ba ya gani, tuni ya zauna a kan 'yar kujerarsa da baho biyu a gabansa, ɗaya na ruwan zafi da sabulu, ɗaya na ɗauraya.

"Yaya, yau buhun da nauyi. Manya sun sha ke nan jiya."

"Sun sha, sun kuma gyara Najeriya da baki. Ka yi a hankali, akwai mai tsaga a ciki."

Daga nan Siman zai shige ɗaki ya rama barci. Zakka zai jiƙa kwalaben har takardun jikinsu su saki, ya kankare su tas, matar Siman, Susana, wadda muke kira Maman Febi, ta kife su a rana. Kafin azahar matan unguwa sun zo sun kwashe, masu soyayyar gyaɗa da masu zuma da masu man ja, ba a karɓar musu ko sisi. Da la'asar sakaliya kuma sai ka ga Siman ya fito fes, ya nufi tasha. Haka muka san shi shekara da shekaru, har watan jiya da ya ajiye aiki.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba mu. Ban taɓa kai giya bakina ba, ba ni kuma da niyya, shi ma bai taɓa yi min tayi ba. Na san wani zai ce, to Malam, me ya kai ka jinjina wa mutumin da aikinsa zuba wa mutane barasa? Ka ɗan saurara ka ji, in na gama sai ka yi hukuncinka.

Siman Manasseh ya shiga Abuja tun tana daji da katafila, lokacin Keffi ma tana ƙarƙashin Filato. Wanke kofi ya fara yi a wata rumfa da magina ke cin abinci. Garin na tashi yana tashi tare da shi, har ya samu shiga wani babban otal, aka tsayar da shi a bayan kantar abin sha, aikin da suke kira baman. Nan ya san kwalaben da talaka ko sunansu bai taɓa ji ba, wiski da burandi da shamfen, waɗanda guda ɗaya sai ta saye babur da ɗan canji. Ya koyi haɗin da suke kira koktel, inda ake gauraya wannan da wancan, a jefa ƙanƙara, a girgiza, a tace cikin tambulan mai dogon wuya. Amma Siman bai tsaya kan abin da aka koya masa ba. Daga kasuwar Keffi yake sayen citta da tsamiya da kanumfari da zoɓo, na'a-na'a kuwa a bayan ɗakin Maman Febi ake tsinko ta. Turawa da 'yan majalisa suna lumshe ido suna tambayar daga wace ƙasa aka kawo wannan, shi kuwa ya ce musu da gaskiyarsa, daga Tudun Ƙofa.

Akwai abin da wani alhaji ɗan kwangila ya faɗa min da bakinsa, wanda ya sa na fara ganin girman maƙwabcina. Ya ce a kantar Siman kayan haɗi kashi biyu ne. Akwai gwangwanin girgizawa da cokali da matata waɗanda ya ɗaura wa jan zare, su ba su taɓa haɗuwa da barasa ba, ko a wajen wanki. In ka ce masa ba ka sha, da waɗannan zai haɗa maka zoɓo da citta da zuma, ka sha hankalinka kwance. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda zai gane in bai yi ba. Direbobin otal kuma sun shaida cewa in baƙo ya fara layi, Siman yakan rufe kwalba ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙare," ko da kwalbar na cike a gaban idon mutumin. An zage shi a kan haka ba sau ɗaya ba, bai fasa ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar buhun nan ce, da yadda ya kusa cinye masa suna.

Zakka ba da makanta aka haife shi ba. Tela ne, kuma gwani, layin masu ɗinkin Kirsimeti har waje yake kaiwa a shagonsa. Shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Nasarawa, ana cikin murna, wani abokinsa ya zo da kwalbar wiski mai kyan gaske, ya ce a hanyar Mararaba ya same ta da araha. Murfinta a liƙe, takardarta na walƙiya. Su uku suka sha. Ɗaya bai kai asibiti ba, ɗaya ya tashi da ƙyar, Zakka kuwa ya farka yana tambayar wa ya rufe taga. Da aka kawo wa Siman kwalbar sai ya juya ta a hannu yana dubawa. Kwalbar ta gaske ce, irin wadda yake buɗewa kullum. Abin cikinta ne guba. A ranar ya gane inda kwalaben da mutane ke zuwa saya a bayan otal suke tafiya: a ɗura musu jabu, a maƙala sabon murfi, a mayar kasuwa. Ko wannan kwalbar ta taɓa bi ta hannunsa? Bai sani ba, har yau bai sani ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai ci masa rai.

Da aka sallamo Zakka sai ya ƙi shan duk abin da ya fito daga kwalba. Ko ruwa ne, in ya ji ƙarar gilashi sai ya kau da kai yana rawar jiki. Ga shi wuni yake shi kaɗai in kowa ya fita, kwanon ruwa kuma sai ya ture shi ya zubar. Rannan Siman ya ari magagari wajen wani makaniki, ya juya wata kwalba, ya goga mata zane biyu a gefen gindi, ya gitta na uku a kansu. Ya cika ta da kunun zaƙi, ya kama babban yatsan ƙanensa ya ɗora a wurin.

"Ka ji wannan?"

"Na ji, Yaya."

"Duk wadda ka ji wannan a gindinta, daga hannuna ta fito. Ka sha."

Zakka ya daɗe yana shafa wurin, sannan ya kafa kai ya sha. Tun daga ranar ba ya shan komai sai a kwalba mai wannan alama.

Daga nan ne Siman ya je wurin manajan wancan lokaci ya roƙi a bar masa kwalaben da suka ƙare. Manajan ya ce, "Shara ce, kwashe." Magana ce ta baki, a tsaye, ba shaida. To tun daga lokacin, duk kwalbar da ta ƙare a kantarsa, nan take zai zaro magagari daga aljihu ya yi mata alama, ya murƙushe murfin da filaya, ya jefa ta buhu. Shi yake cewa ya kashe ta. Haka kuma duk sabuwar da zai buɗe, sai ya fara zagaya gindinta da babban yatsa. Abokan aiki suka mayar da abin wasa, suna cewa Baba yana gaisawa da kwalba. Duk wanda aka kawo masa koyon aiki sai ya koya masa gaisuwar nan, yawancinsu suna barin gabansa suke watsar da ita. Mutum ɗaya ce ta riƙe, Adaobi, 'yar wani mai shagon kayan masarufi a unguwar Liman Abaji. A Keffi aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi tawa gudu. Da wankin tambulan ta fara, ta yi aure ta haihu tana nan, har ta zama ita ce ta biyunsa a kanta.

Masu sayen kwalba ba su bar shi ya huta ba. Sun tare shi a tasha, sun biyo shi har gida da kaza. Wani ya ce masa, "Baba, kana zubar da arziki a kan gyaɗa." Siman ya nuna masa Zakka da ke kankare takarda a gindin mangwaro ya ce, "Je ka yi cinikin da wancan, shi ne mai kayan." Mutumin ya ɗauki kazarsa ya yi gaba.

Ana haka, saura 'yan shekaru ya ajiye aiki, aka kawo sabon manaja, Oga Wilson. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai son tsari, ya samu otal ana ta wawure kaya ta ƙofar baya, ya rantse sai ya toshe. Sai wani mai kwat da lakataye ya zo masa da maganar cewa yana da kamfanin narkar da gilashi, zai riƙa kwashe kwalaben otal. Da Wilson ya tambayi ina kwalaben suke zuwa, aka ce ai Baba ne ke tafiya da su gida kullum. Wata safiya Siman ya fito da buhunsa, sai ya tarar da manaja tsaye a get da masu gadi. Aka zazzage buhun a ƙasa a gaban ma'aikatan da ke shigowa aikin safe, waɗansu ma sa'o'in jikokinsa ne.

"Wa ya ba ka izinin ɗaukar kayan otal?"

"Manajan da, Oga."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"To ni abin da na gani sata ce. Ka tafi gida sai an neme ka."

Sata! Mutumin da baƙi ke mance agogon zinari da waya mai tsada a kantarsa, ya bi su da gudu har mota. Siman bai yi gardama ba. Abu ɗaya kawai ya roƙa, don a lokacin an fito daga bukukuwan ƙarshen shekara, akwai buhuna jibge a sito waɗanda ya yi wa alama amma bai samu kwashewa ba, takardunsu na nan lafiya lau a jikinsu.

"Oga, na ji. Amma waɗanda ke sito, in ba za a ba ni ba, a farfasa su. Kada a bayar da su da rai."

"Kwalba ce mai rai? Baba, je ka huta."

Ba a yi mako ba mai lakataye ya zo da mota ya kwashe su kaf.

Ku da kuka san motocin Keffi zuwa Abuja kun san ba abin da ke ɓoyuwa a cikinsu. Kafin a fita cunkoson Mararaba labari ya zaga kujera uku, kafin a wuce Masaka ya yi 'ya'ya. Siman bai iso gida ba sai da maganar ta riga shi: an kama Baba da kayan sata. Wani ya ce ba fanko ba ne, cike suke. Wani ya ce ai dama da me ya gina ɗakin bulo? A cocinsu akwai waɗanda dama aikin nasa bai taɓa kwanta musu ba, sai suka samu abin faɗa. Matan da suka yi shekaru suna kwasar kwalba kyauta, waɗansu suka fara bi ta bayan layi don kada a gan su a ƙofar gidan. Kai, mutane! Abin ya ƙona min rai ƙwarai, har yanzu in na tuna sai na ji ɗaci.

Bahon Zakka ya bushe. Siman ya daina fita ko bakin titi. Ta kan katanga nakan hango shi zaune a gindin mangwaro, magagarin nan a hannunsa yana juya shi. Ba rashin aikin ne ya dame shi ba, ya faɗa min da kansa. Ya ce, "Malam, in na mutu yanzu, Febi da ƙannenta 'ya'yan ɓarawo ne ke nan?" Maman Febi kuwa wuta take ci. Ta ɗaura ɗankwali ta ce sai ta je Abuja ta ga wannan Wilson ɗin ido da ido, da ƙyar aka riƙe ta. Zakka ne ya fi ba ni tausayi. Ya ce, "Yaya, saboda ni ka fara, ni na jawo maka." Siman ya daka masa tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce kada ya sake faɗar haka a gidan nan.

Damina ta kusa faɗuwa, ba a neme shi ba. Sai wata Asabar da rana aka yi wani gagarumin biki a otal ɗin, irin wanda motoci ke cika har kan titi. Ɗakin taro ya cika maƙil, mata sun sha gwala-gwalai, turare kamar a yanka. Dilan da ya saba kawo wa otal kaya bai iya cika abin da aka nema ba, aka cike da wani sabon dila. Katan-katan aka jere a bayan kanta, Adaobi ce a tsaye wurin Baba. Teburin uban ango ya aiko a kawo wiski. Ta farke katan, ta zaro kwalba, murfi a liƙe, takarda na walƙiya. Hannunta da kansa ya yi abin da ya saba, babban yatsa ya zagaya gindi.

Zane biyu, ɗaya a gicce.

Ta ce ji ta yi kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara a baya. Ta ajiye, ta zaro wata. Babu. Ta zaro ta uku, ga shi nan. Masu ɗaukar tire sun yi layi suna jira, ta tare kantar da jikinta ta ce ko ɗigo ba zai fita ba, a kira mata manaja. Wilson ya zo da sauri yana share gumi.

"Adaobi, kin haukace? Kin san waɗanda ke zaune a can?"

"Oga, kayan nan jabu ne."

"Murfi a liƙe kike ce min jabu? Buɗe ki zuba min, ni zan fara sha a gabanki."

Ya miƙa hannu zai ɗauki tambulan. Ita kuwa, mace da manajanta, ta cafke masa hannu, ta kama babban yatsansa ta danna a gindin kwalbar.

"Ka ji wannan? Hannun Baba ne. Kwalbar nan a kantar nan ta ƙare, shi ya kashe ta. Tana cikin waɗanda ya ce a farfasa. Oga, wa ya sake cika ta?"

Waɗanda ke wurin sun ce Wilson ya yi tsaye kamar an dasa shi, yatsansa a gindin kwalba. Sannan ya juya ya ce a fitar da katan ɗin sabon dila gaba ɗaya, masu alama da marasa alama, a kulle a ofishinsa. Nan fa aka yi ta. Kawun ango ya taso yana faɗa yana cewa an ci musu mutunci, sai ya ga bayan otal ɗin. Wilson ya tsaya ya sha zagin. Adaobi ta raba ɗan tsohon kayan da ya rage a manyan tebura, sauran jama'a kuwa ta sa aka dafa zoɓo tukunya-tukunya, ta yi musu haɗin Baba da citta da zuma da na'a-na'a. Aka sha ana gunaguni, aka kuma aiko a ƙaro. Kowa ya koma gidansa da ƙafarsa da idanunsa.

Da jami'an da ke gwajin abinci da abin sha suka auna abin da ke cikin kwalaben, sai ga shi irin gubar da ta ɗauke idon Zakka ce. Suka bi sawun dilan har wani kangon gini a bayan gari, suka tarar da durom-durom da injin liƙa murfi da tulin kwalabe. Mai lakataye da kamfaninsa na narkar da gilashi, ashe nan ne kamfanin.

Ranar da Wilson ya zo Tudun Ƙofa ina nan, da idona na gani. Da hantsi ne, Adaobi ce ta nuna masa hanya. Ya bar motarsa a bakin layi ya tako da ƙafa, ya yi sallama. Maman Febi ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙi ba shi kujera. Ya ce yana so ya ga Baba a ɗaki, su yi magana su biyu. Siman ya fito, ya gaishe shi da ladabi kamar yadda ya saba, amma bai matsa daga bakin ƙofa ba.

"Oga, ba a ɗaki aka kira ni ɓarawo ba. In da magana, a yi ta a nan."

Kafin ka ce me, layin ya cika. Masu gyaɗa, masu zuma, 'yan acaɓa, har da dattawan cocinsu biyu da suka ce wucewa suke yi. Na ɗauka mutumin zai juya. Wallahi bai juya ba, kuma a nan na ba shi nasa girman. Ya cire tabarau, ya ɗaga murya da Hausarsa mai ɗingishi yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a, ni ne na ce Baba Siman ya yi sata. Ƙarya na yi masa. Bai saci komai ba. Abin da yake yi da kwalaben nan shi ya hana mutane mutuwa a hannuna, ni ma da na sha. Baba, ka yafe min, ka dawo aikinka."

Maman Febi ta rangaɗa guɗar da sai da kaji suka watse. Matan da ke bi ta bayan layi su ne a gaba wajen tafi, ni dai na dube su. Siman ya sunkuyar da kai. Zakka ne ya yi magana a madadinsa. Daga gindin mangwaro ya ɗaga murya ya ce, "Maman Febi, a ɗora ruwan zafi, gobe akwai wanki!"

Ya koma aiki da farar rigarsa, masu gadin da suka zazzage masa buhu su suka buɗe masa get suna sara masa. Otal ya mayar da abin doka: duk kwalbar da ta ƙare a yi mata alama, a murƙushe murfi, a ba Baba. Masu irin aikinsa daga wasu otal-otal suka riƙa zuwa a kunyace suna tambayar yadda ake riƙe magagari. Ba wanda ya sake yi wa gaisuwar kwalba dariya.

Baba Siman, kai ne ka tsaya shekaru a tsakiyar kayan alfarmar da ba naka ba, idonka bai taɓa rufewa ba. Kai ne ka ɗaura jan zare saboda mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba tare da sun roƙe ka ba. Kai ne aka zazzage wa buhu a gaban yara, kuma a wannan lokacin ba kanka ka roƙa wa ba, mutanen da ba ka sani ba ka roƙa wa. Mai kashe kwalba don mutum ya rayu! Akwai waɗanda suka yi rawa a bikin nan, yau suna kallon 'ya'yansu da idanunsu, ba su ma taɓa jin sunanka ba. To ga shi na faɗa musu.

Watan jiya aka yi masa walimar ajiye aiki a ƙofar gidansa, da rana tsaka, aka kafa rumfa har gaban nawa gidan. Wilson ya zo, dattawan coci sun zo, mu ma maƙwabta muka zauna a gaba, don an ce mana duk abin shan ranar daga gwangwani mai jan zare ya fito. Da aka gama jawabai, Siman ya sa hannu a aljihu ya zaro magagarin nan, wanda ya sha aiki har ya zama siriri, ya miƙa wa Adaobi. Ta ɗauki wankakkiyar kwalba wadda ba ta da alama, ta juya ta, ta goga zane biyu ta gitta na uku. Ta cika ta da zoɓo, ta je ta durƙusa gaban Zakka ta sa masa a hannu.

Wurin ya yi tsit, don duk unguwa an san tun da ya rasa ido bai taɓa shan abin da ba yayansa ne ya yi wa alama ba. Ya zagaya gindin da yatsa. Ya sake zagayawa.

"Wannan ba hannun Yaya ba ne. Zanen ya karkace."

"Nawa ne, Kawu," in ji Adaobi.

Zakka ya sake shafa zanen. Sannan ya kafa kai, ya sha har sai da ya kai rabi, ya sauke ya goge baki.

"Citta ta yi yawa," ya ce. "Gobe ki rage."

Ni dai a nan na nemi hankicina na rasa.

Mun gode, Baba Siman. Tudun Ƙofa ta gode, masu gyaɗar bakin titi sun gode, waɗanda ba su san sun tsira ba ma na yi godiya a madadinsu. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa Maman Febi haƙuri da kai yanzu da za ka wuni a gida. Ku kuma da ke tsaye a bayan kanta, ko ta otal ce ko ta kemis ko ta mai da turare, ku dubi fankon da ke fita ta ƙofar bayanku, ku tambayi kanku ina za shi, wa kuma zai sha abin da za a zuba a ciki. Ba sai an sa ku ba, shi ma ba wanda ya sa shi.

Yau da hantsi ina zaune a ƙofar gida na ji kacau-kacau daga bakin titi. Na leƙa, sai ga Adaobi da buhu a ka, ta wuce kwanar gidansu ta miƙo Tudun Ƙofa. Zakka ya riga ni ji, har ya jawo bahonsa.